Gurguwar Mutanen Teku

Ni mutumin dutse ne, kowa ya sani. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jan baƙi a tsaunukan tsibirinmu na Sukutra, ina nuna musu inda za su taka lafiya da inda in sun taka sai dai a je a kwaso su. Amma ruwan da ya wuce gwiwata, ba ni ba shi. Uwata 'yar bakin teku ce, ubana makiyayi ya aure ta ya haye sama da ita, ni kuwa na ɗauko ƙafarsa na bar wa dangin uwa iyonsu.

A dangin uwar nan mutum biyu suka rage mini: Kawu Suwailim, yayanta, tsohon masunci, da ɗansa Ubaid, taubashina. Tun muna yara Ubaid ke ce mini Bunsuru. Da ya tafi birnin Ajman, can ƙetaren teku, ya yi shekara shida yana gadin wani kanti, ya dawo ya yi fes yana ƙamshin turare, sai ni ma na samu abin ramawa, na laƙaba masa Kifin Gwangwani.

Da niyyar zama ya dawo, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zo da sabon injin jirgin ruwa, da akwati cike da gilasan ruwa da bututun numfashi, irin waɗanda baƙi ke saƙalawa su kife a saman ruwa suna kallon ƙasa. Shirinmu ba wuya: ni in gajiyar da su a dutse kwana uku, in sauko in damƙa masa su, shi kuma ya jiƙa su kwana biyu. Abin da bai sani ba shi ne irin ɓarnar da wasu manyan guguwar teku guda biyu suka yi mana yana can. Murjanin da ke kusa da gaɓa, wato duwatsun nan masu rai da launi na ƙarƙashin ruwa da baƙi ke zuwa kallo, duk ya ragargaje, ya zama tarin ƙasusuwa masu launin toka. Sai ka ga baƙuwa ta tsoma kai, ta ɗago, ta yi wannan murmushin nasu na ladabi, ta tambaya ko akwai wani wurin. Shekara biyu Ubaid yana zagaye da su yana cewa gaba kaɗan, gaba kaɗan, har ya gaji ya daina faɗa.

Alhali kuwa akwai wani wurin. Kawu na kiransa Lambu. Murjani ne da ya taso daga zurfi har ya kusa taɓa saman ruwa, can nesa da gaɓa inda igiyar ruwa ba ta samun abin dokawa, faɗinsa bai fi farfajiyar masallaci ba. In Kawu ya fara kwatanta kifayen wurin, shuɗi da ruwan ɗorawa da masu zane kamar zanin mata, sai shayinka ya huce a hannu. Ubansa ne ya nuna masa, shi ma uban, nasa uban ne ya nuna masa. A wajen masunta irin wannan wuri ba a faɗa wa bare, ba a rubutawa, ba a ma nuna shi da yatsa. Uba ne ke ɗaukar ɗansa a jirgi, ya juya masa fuska wajen tudu, ya ce ga alama ta farko, ga ta biyu, inda suka haɗu jefa dutsenka jirgi ya tsaya.

Kawu ya ƙi nuna wa Ubaid. Cewa ya yi ba zai bari mutane su je su kife da ɗan kamfai a kan abincin kakanninsa ba. Ga taurin kai, ga kuma wata matsalar: alamar farko bishiya ce a saman tsauni, kuma guguwa ta biyu ta kayar da ita.

Ranar da maganar ta fashe ina gidan, mun zagaye faranti, shinkafa da kifi. Ubaid ya jira har Kawu ya kai loma ta uku, sannan ya ce mai kantin Ajman ya aiko, gurbinsa na nan, kuma ranar Alhamis jirgin sama zai tashi, bayansa iska za ta rufe mana teku wata huɗu.

Kawu ya ci gaba da laluben ƙaya a jikin kifi da yatsa, don a lokacin yanar ido ta riga ta cinye masa rabin gani.

"Baba, ka ji ni kuwa?"

"Ido ne ya lalace, kunne yana nan."

"To ka ce wani abu mana."

"In ka ga Lambu da rai, za ka zauna?"

Ubaid ya dube ni, ni kuwa na dubi faranti.

"Lambu, Lambu," in ji shi. "Baba, sau ɗaya ka taɓa kai ni wurin nan, ina ɗan shekara tara, amai na yi ta yi har muka dawo."

"Tambayarka na yi."

"In yana da rai na zauna. Wallahi tallahi na zauna. Wuri ɗaya mai rai ya ishe ni riƙe baƙi."

Kawu ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Jum'an, ka san Gurguwa?"

"Haba Kawu! Gurguwa? Ai kamar yunwar cikina."

Wa zai tambaye ni Gurguwa? Bishiyar jini ce, wadda ƙaronta ja ne kamar jini, irin masu kai kamar laima, gindinta ya lanƙwashe kamar gwiwar tsoho, tana bakin hanyar da nake bi da baƙi. Babu baƙon da ya taɓa wuce ta bai ɗauki hoto ba. Da ta faɗi har hawaye na yi, kuma har gobe a kan kututturenta nake zama in sha shayi.

"To gobe da hantsi ka tsaya daidai inda take, ka riƙe madubin marigayiya," in ji Kawu. "Bishiya ko tana nan ba zan gan ta ba, amma haske har yanzu yana shiga. In haskenka ya hau kan farin tabon nan na jikin dutse, alama ta farko ke nan. Ta biyu tsakanina da ɗana ce, ba ruwanka."

"Bunsuru," in ji Ubaid, "kar dai ka tsaya kallon fuskarka a madubin, ka firgita ka faɗo mana."

"Kai dai ka riƙe cikinka, kar ka ciyar da kifin Kawu shinkafar yau."

Har Kawu sai da ya yi dariya. Ni kuwa na goya madubin matarsa a baya, a nannaɗe cikin bargo, ban yi tambaya ko ɗaya ba.

Hawan awa uku ne ga baƙo, ni a biyu nake yin sa. Duwatsun wurin kaifi gare su kamar haƙoran zarto, sun cinye mini takalma ban san iyaka ba. Ka wuce bishiyoyin nan masu ciki kamar tulu, ka wuce ramin ruwan da awaki ke sha, sai ka fito fili inda bishiyoyin jini suke. Da can in ka tsaya a nan ba ka iya ƙirga su. Yanzu rabinsu a kwance suke, saiwa a sama, waɗanda ke tsaye kuwa duk tsofaffi ne, don duk wadda ta tsiro akuya ce ke karya kumallo da ita. Na hau kan kututturen Gurguwa, na kwance madubi, ungulaye biyu suka sauka kusa suna jiran ko abinci ne.

Na hango jirginsu, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Na kamo rana a madubi na watsa musu. Hannuwana suka yi tsami, gumi ya shiga mini ido, ban sauke ba. Jirgin ya yi gabas, ya dawo yamma, ya ja da baya, can sai ya tsaya cak. Wallahi sai da na yi guɗa kamar mace, ungulayen suka tashi. Na ce shi ke nan, Kifin Gwangwani ya koma ruwa.

Da la'asar na sauko na iske Kawu zaune a kan yashi ya miƙe ƙafa. Ubaid yana ɗauraye gilasai a bokiti, bai ɗago ba.

"Yaya?" na ce.

"Yashi," in ji Ubaid.

"Yashi kamar yaya?"

"Yashi dai da ka sani. Sau bakwai na nutsa. Ko ƙashin murjani babu."

"Murjani ba ya zama yashi," in ji Kawu, a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ko ya mutu yana barin gawa."

"To guguwa ta binne gawar, Baba."

Kawu ya sa yatsu biyu ya taɓa idanunsa.

"Ko kuwa waɗannan ne suka ci amanata. Jum'an ya tsaya inda aka ce ya tsaya, na ga haskensa. Alama ta biyu ce na kasa gani daidai. Na jira har na makara."

Na ce masa a sake gwadawa gobe. Ubaid ya ce gobe Laraba, yana da haɗa kaya, kuma teku ta fara canza fuska. Ranar Alhamis na raka shi Hadibo, babban garinmu, inda jirgin sama ke tashi. Ya rungume ni, ya ce in kula da tsoho, ya ce injin da gilasan in sayar ko in bar wa tsatsa, duk ɗaya ne. Ban ce masa Kifin Gwangwani ba, shi ma bai ce mini Bunsuru ba.

Iska ta zo. Wanda bai zauna da mu a watannin nan ba ba zai gane ba: jirage duk an jawo su tudu an danne da duwatsu, yashi a cikin shinkafa, yashi a cikin kunne, baƙo ko na magani babu. A cikin watannin nan ne ragowar ganin Kawu ya ƙare. Duk Juma'a nakan sauko masa da nono da man shanu, in iske shi a ɗaki yana fuskantar bango. Ba ya zancen Ubaid. Idonsa kawai yake zagi, kamar wasu 'ya'ya da suka kunyata shi a bainar jama'a. Abin yana ci mini rai, don mutumin nan da bakinsa ba ya rufuwa ya koma sai ka yi magana uku kafin ya mayar da ɗaya.

Wajen ƙarshen iska na hau neman wata akuyata da ta ɓace, na biya ta bukkar Goggo Nuwaira. Tsohuwa ce mai tara jan ƙaron bishiyar jini tana sayar wa masu yi wa tukwane ado, ita ma a bakin teku aka haife ta kamar uwata, aure ya hawo da ita. Ta ba ni shayi, na ba ta labarin madubi, don dai a samu na faɗa.

"Wace Gurguwar ka tsaya a kai?" ta ce.

"Gurguwa nawa ce, Goggo?"

Ta ajiye kofi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai, amma an yi asarar nonon 'yar masunta. Uwarka ba ta koya maka komai ba? Taku ta mutanen dutse, mai lanƙwasasshen gindi, ai daga teku ba a ma rarrabe ta, ta shige cikin 'yan'uwanta. Ta masunta tana can bakin kwazazzabo, ita kaɗai. In ka je gindinta a miƙe take sambal kamar sandar liman. Amma daga ruwa dutse yana rufe mata rabin kai, sai ka gan ta a karkace kamar mai ɗingishi. Su abin da suke gani suka sa wa suna, ku ma abin da kuke gani."

"Tana nan?"

"Ina! Rana ɗaya suka faɗi da taku."

Na miƙe zumbur. Na bar akuya, na bar kofi, na nufi kwazazzabon. Babu hanya a wurin, ban taɓa kai baƙo ba don ba abin hoto. Ga ta nan kuwa, doguwa, a kwance, kanta ya leƙa rami. Tsakaninta da inda na tsaya da madubi ya kai tafiyar rabin awa. Na zauna a kan gindinta na riƙe kai. Shekara goma sha ɗaya ina cika baki cewa babu dutsen da ban san sunansa ba, ashe rabin sunayen kawai na sani. Kalma ɗaya ce tak, wato "wace", da na furta ta a kan farantin shinkafar nan da ba haka ba.

Ban san yadda na sauko ba. Na faɗa ɗakin Kawu ko sallama babu, na durƙusa na faɗa masa komai, ina jiran ya tsine mini. Sai na ji wani sauti, na zaci kuka ne, ashe dariya ce, daga baya ta zama kukan.

"Ashe ba idona ba ne! Ja'iri, bunsurun banza, ashe ba idona ba ne!" Yana lalubar kaina yana dukan ƙeyata. "To yana nan. Lambu yana nan, ba wanda ya binne shi. Tashi ka kira shi. Ka ce ya zo, alama ta biyu da baki zan faɗa masa, idonsa ya zama nawa. Ya rantse, Jum'an, kana zaune ya rantse."

Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya sa na fito masa da zaren igiya, wai ta dutsen jirgi ta tsufa, sabuwa zai tufka kafin yaron ya iso.

A ƙauyen Kawu waya ba ta kamawa. Sai an hau sama, kuma wurin da ta fi kamawa, don abin haushi, shi ne kan kututturen Gurguwarmu ta mutanen dutse. Kwana biyu ina hawa ba ta shiga, a na uku ta shiga. Iska tana kaɗa mini riga, na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Kifin Gwangwani! Haɗa kayanka!"

Na zazzage masa labarin tun daga akuya har dariyar Kawu.

"Na sani," in ji Ubaid.

"Ka san me?"

"Na san ba wurin ba ne. Tun da haskenka ya fito na gane. Ranar da Baba ya kai ni ina yaro, ina kwance a jirgi ina amai, bishiyar nan na zuba wa ido don kaina ya daina juyawa. Tana hagu da kwazazzabo. Kai kuwa ta dama ka ɓullo."

"Ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

"Ka bar tsohon nan wata huɗu yana tsine wa idonsa?"

"Na rantse masa, Jum'an. Da na gan shi da rai, rantsuwa ta ɗaure ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "To a ce mun same shi. Sai me? In kai baƙi su tattake shi, ko wata guguwar ta zo ta gama da shi, in koma cewa gaba kaɗan, gaba kaɗan. Dubi gefenka, ka ga ƙaramar bishiya ko ɗaya? Tsofaffi ne kawai suka rage mana, na itace da na mutane. Ni tsoron ganin Lambu na yi. In ya mutu ba zan iya ɗauka ba, in yana da rai ba zan iya tafiya ba. Da na ga haskenka a dama, wallahi ajiyar zuciya na yi."

Na zage shi, zagin da ba na wasan taubasai ba, na haɗa har da abin da bai kamata ba. Bai rama ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

"To me zan ce masa?" na ce, da zagin ya ƙare.

"Ban sani ba. Kai ne mai sanin hanya."

Sai na ji wani yana kiransa da Larabcin can, ya ce mai gida ne, ya kashe.

Saukowar awa ɗaya da rabi ce, ranar sai da na yi uku. Duk dutsen da na samu sai na zauna a kai ina neman abin faɗa. Gaskiya dai ba za ta fito daga bakina ba, wannan na yanke tun a sama. A ƙarshe na samu wata 'yar magana da ba za ta kashe shi yau ba, na riƙe ta ina maimaitawa har ƙofar gida.

Na iske shi a waje, karo na farko cikin watanni, ya jingina da jirgi. Ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa yana tufka, ta yi tsawon gaba goma a gefensa. Tun daga nesa ya gane takuna.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Kawu."

"Me ya ce?"

"Ya yi murna ƙwarai. Ya ce yana nan tafe bayan iska."

Hannuwansa suka tsaya. Ya ɗaga fuska wajen teku, kamar mai sauraron wani abu, ni ma na juya. Ruwan a kwance yake lumui, har maƙwabta sun fara kwashe duwatsu daga kan jiragensu.

"Iska ta kwanta tun shekaranjiya, Jum'an," in ji shi. "A sama ne kawai take kaɗawa. Kai mutumin dutse ne, ba ka lura ba."

Ya zare igiyar daga yatsan ƙafarsa, ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda masunta ke yi, ya miƙo mini.

"Ungo, ka ɗaure akuya da ita. Kama ni mu shiga ciki."